Sitek na fam 45 da farantin mashaya na fam 12: ina kuɗin yake tafiya?

Abba Kurna, Manchester:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Jiya na kai uwargida wani gidan sitek na halal a nan garin, irin wanda sai ka kama tebur tun kafin ranar. Yankan nama ɗaya, giram 300, fam 45. Ba dankali, ba miya, nama ne kawai a kan katako da ɗan ganye a gefe. Dankali fam 6 daban, miyar masoro fam 4 daban. Da aka kawo bil ɗin mu biyu, da lemo da kuɗin hidima, ya haura fam 130. Makon jiya kuma abokan aiki suka ja ni mashaya bayan an tashi, na ci kifi da soyayyen dankali da lemo a fam 12, har na kasa cinyewa. Wani Bature a gefena yana cin sitek da dankali da tumatir, ya ce nasa bai kai fam 15 ba. To me ya raba na 45 da na 15? Sa dai sa ne. Ko kujera da fitila muke biya?

Baban Hanifa, Leeds:
Wa alaikumus salam. Fam 130 fa ka ce? Buga a dubu biyu-biyu, naira dubu 260 ke nan. A Kurna da wannan kuɗin rago za ka kayar, unguwa ta shaida.

Maman Ilham, Birmingham:
Baban Hanifa, wanda zai buga fam da naira kafin ya ci abinci a ƙasar nan da yunwa zai kwana. Ko ruwan roba ba zai saya ba.

Nura Mai Kicin, Landan:
Abba, sa dai sa ne, amma ba ko'ina a jikinsa ake yanko sitek ba, kuma ba ranar da aka yanka shi ake ci ba. Ni a kicin ɗin wani otal nake, a gaban wuta nake wuni, bari in faɗa maka abin da ido yake gani.

Naman da ke kwance a gadon baya, daga haƙarƙari zuwa ƙugu, shi ne wanda dabba ba ta wahalar da shi wajen tafiya, shi ya sa yake da laushi. Ribay daga saman haƙarƙari yake, kitse ya ratsa cikin tsokarsa. Saloyin yana bayansa. Filet, wato tantaƙwashi, yana ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, kuma a san da zai ba da nama sama da kilo 200, filet ɗin biyu da ƙyar su kai kilo 5 in an gyara su. Kowa kuma shi yake so. Na mashaya yawanci naman ƙugu ne, ko saloyin da aka yanka siriri.

Amma inda kuɗin yake tafiya sosai shi ne ajiya. Gidan da ya san abin da yake yi, da ƙashinsa da kitsensa yake jera naman a ɗakin sanyi, digiri 1 zuwa 3, fanka na kaɗawa dare da rana, kwana 28, wasu 35, wasu har 45. Ruwan jikinsa ya riƙa fita, ɗanɗano ya taru wuri ɗaya, tsokar ta saki da kanta. Bayansa yakan bushe ya yi baƙi ƙirin, wannan ɓawon sai an fere an zubar. Tsakanin ruwan da ya tsane da abin da wuƙa ta ɗauke kana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka saya, wani lokaci fiye. Wa zai biya wannan asarar? Kai ne. Na mashaya kuwa a leda ake ajiye shi, an zuƙe iska an liƙe. Shi ma yana yin laushi, kuma in ka ga sun rubuta kwana 21 ko 28 ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ba ya rage nauyi, ba a fere komai, kuma wannan ƙamshin mai ɗan gyaɗa-gyaɗa ba ya samuwa.

Sai wuta. Mu da gawayi muke gashi, a murhu mai ƙofa da zafinsa ke haura digiri 300, kuma mutum ɗaya aikinsa ke nan, ba ya taɓa komai sai nama. A mashaya mai araha yaron da ke gasa sitek shi ne mai soya dankali, shi ne mai ɗumama miya, oda ashirin na jiransa. Wata rana ya dace, wata rana ka yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji.

Garba Barunje, Coventry:
Malam Nura, ni barunje ne gaba da baya, a kwata na tashi a Gusau, mahaifina da kakana duk fawa suka yi. Ranar da na fara jin zancen ajiye nama wata guda sai da cikina ya juya. A wurinmu sa ya faɗi da asuba, kafin la'asar an sayar, abin da ya rage ya tafi tukuba, wanda zai kwana kuma a soye ko a yi kilishi. Amma gaskiya ɗaya ce, shanunsu ba irin namu ba ne. Bunaji ko Rahaji ya yi shekaru yana taka ƙasa daga Zamfara zuwa Neja neman ciyawa, sai ya manyanta ko mai shi ya matsu sannan a kai shi kara. Tsoka ce zalla da jijiya. Nasu Angus da Hereford a fili ɗaya suke kiwo, yawanci ba sa kai wata 30 ake yankawa, ga kitse ya shiga ko'ina. Ka yanko naman Bunaji da kaurin yatsa biyu ka ɗora a wuta minti uku kowane gefe, haƙoranka za su ba ka labari. Shi ya sa magabatanmu suka yanka shi siriri, suka shafa mai, suka tsoma a ƙuli, suka kafa tsinke a gefen wuta. Dabara ce da ta dace da dabbar da ke hannu. Don haka in Bahaushe ya ce shi tsire ya fi masa, ba ƙauyanci ba ne, a kan wannan harshensa ya tashi.

Nura Mai Kicin, Landan:
Ba musu, Yaya Garba. Abba, tambaya ɗaya. Da aka ce yaya za a gasa maka, me ka ce?

Abba Kurna, Manchester:
Na ce a gasa shi sosai mana, har ciki. Ni ba na cin nama da jini. Uwargida ma da yajinta ta je a jaka.

Nura Mai Kicin, Landan:
To ai magana ta ƙare. Duk abin da aka yi wata guda ana tarawa, ka sa an ƙone shi a minti goma sha biyar, sannan yaji ya rufe sauran. Kamar ka sayi gezna ne ka ce tela ya ɗinka maka kayan barci. In haka kake son namanka, kuma ba laifi ba ne, to na 45 da na 15 kusan ɗaya ne a bakinka. Kada ka ƙara biyan 45.

Abba Kurna, Manchester:
Kuɗina ne fa, Malam Nura. In gidan ya isa, ai ya kamata ko an gasa sosai ya yi daɗi.

Nura Mai Kicin, Landan:
Ribay yana iya jurewa saboda kitsensa. Filet ba ya jurewa, bushewa yake. Kuma in faɗa maka sirrin kicin: in oda ta zo a gasa sosai, wasu masu gashin yankan da ya fi muni a tire suke ɗaukowa, don sun san ba za a gane ba.

Dokta Rabi, Nottingham:
Abba, ba jini ba ne. Jini tun wurin yanka yake fita. Jan ruwan nan ruwa ne haɗe da wani sinadari mai suna mayogulobin da ke riƙe iskar oksijin a cikin tsoka, shi ne ya sa naman sa ya fi na kaza ja. In zafin cikin naman ya kai wajen digiri 70 sai ya koma toka-toka. Ta fuskar lafiya, ƙwayoyin cutar a bayan yankan suke, wuta tana kashe su. Niƙaƙƙen nama ne abin tsoro, irin na boga, don niƙa ta cusa na waje zuwa ciki, shi dole ya gasu har tsakiya. Masu juna biyu kuma hukumar lafiyar Birtaniya, NHS, ta ce su guji duk naman da bai gasu sosai ba. In uwargida tana wannan layin, to gasawa sosai ɗin daidai ne.

Baban Hanifa, Leeds:
Allah ya raba lafiya, Abba. Suna dai a gayyace mu, kuma rago muke so, ba nama a kan katako ba.

Abba Kurna, Manchester:
Dokta kin ga abin da kika jawo mini ko? Ba wanda ya ce haka fa.

Malam Habibu, Bradford:
Kuna ta lissafin kitse da digiri, an tsallake babbar magana. Mashaya gidan giya ce, abincin ƙari ne. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa, Tirmizi ya ruwaito shi. Sannan naman da suke gasawa ba yankan Musulmi ba ne. Na san masu kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, kuma malamai sun yi dogon bayani a kai, amma a garin da mahaucin halal yake kowane lungu ban ga lalurar da za ta kai mutum can ba. Don haka wannan sitek na fam 15 da Abba yake auna nasa da shi, tun farko ba ya cikin zaɓinmu.

Sadik, Landan:
Allah gafarta Malam, da girmamawa. Manyan gidajen nan da ake cewa namansu halal ne, da yawansu suna sayar da giya su ma. Bambancin kawai can a kofi mai dogon wuya ake sha, an rage fitila. In hadisin ne, ya hau kan duka biyun.

Malam Habibu, Bradford:
Ya hau kuwa. Ban ware na masu kuɗi ba. Akwai waɗanda ba sa sayar da ita sam, su ake nema.

Aminu, wani ƙauye a Norfolk:
Malam, ku a Bradford kuna cikin ni'ima. Ni aikin kula da tsofaffi ya kawo ni ƙauyen da shago ɗaya ne, coci ɗaya, mashaya ɗaya, bas kuma da yamma ta yi ya ɗauke ƙafa. Bankwanar abokin aiki a can ake yi, taron ƙarshen shekara a can. Ranar Lahadi da rana iyalai ne cike da wurin, da kakanni da jarirai da karnuka, suna cin gasasshen nama da dankali. Nakan je in ci kifi ko taliya da cuku, in sha shayi, in tafi. In na ƙi zuwa a ce ba na shiga mutane, kuma manajan da zai sa hannu a takardun bizata yana cikinsu.

Malam Habibu, Bradford:
Naka daban ne, ɗana, Allah ya kawo maka mafita. In da hali ka zauna inda ba a dire kwalba a gabanka ba. Shi Abba a Manchester yake, Wilmslow Road tana nan, daga wannan kai zuwa wancan abincin halal ne.

Nura Mai Kicin, Landan:
Aminu, kai da Abba ku riƙa tambaya kan kifin ma. Mashaya da yawa da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifi, don ta fi yin ƙarau. Miyar masoro ta sitek ta asali da giyar barandi ake yi, jar miyar nan ta nama kuma sau da yawa da jar giya. Ƙarfen gashi ɗaya ne da na naman alade. Kuma giya ba ta cikin abubuwa 14 da doka ta tilasta a bayyana saboda masu rashin jituwa da abinci, sai ka buɗe baki ka tambaya. Wannan ya shafi gidan tsada ma, in ba na Musulmi ba ne.

Abba Kurna, Manchester:
Na tambaya kafin in ci, nasu da ruwa ne.

Sadik, Landan:
Halal ɗin ma ai hawa-hawa ne. Wani gidan takardar hukumar tantance halal ta HMC ce a ƙofa, su ba sa yarda a sumar da dabba kafin yanka. Wani kuma ta hukumar HFA ce, su sun yarda da wasu nau'o'in sumarwa in dabbar tana da rai lokacin da aka sa wuƙa. Wani kuma ba takarda, weta ne kawai zai ce maka eh halal ne yana murmushi.

Maman Ilham, Birmingham:
Wannan muhawarar in aka buɗe ta sai gobe. Bari in dawo da mu kan kuɗi, tunda lissafi ne aikina. A cikin fam 45 ɗin nan, fam 7 da rabi na gwamnati ne, harajin VAT kashi 20. Saura 37.50. Cire kuɗin naman kansa, wanda in mai kwana 28 ne ba ƙaramin abu ba ne, balle yadda naman sa ya yi tashin gwauron zabi a 2025. Cire albashi: mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma a irin wannan gidan akwai mai tarbarka a ƙofa, mai kai ka tebur, mai kawo ruwa, mai kwashe faranti. Cire haya a tsakiyar gari, cire wuta da gas. Za ka ga ribar da ke kan naman ba ta kai yadda kake zato ba. Ribar tana kan dankalin fam 6 da lemon nan da aka sa wa ganyen na'ana'a aka ce fam 8. Gidan da ba ya sayar da giya kuma dole ya nemo kuɗin a wani wuri, shi ya sa na halal wani lokaci ya fi tsada.

Mashaya ita a kan abin sha take rayuwa, abincin na jawo mutum ne ya zauna. Ba mai yi maka hidima, kai za ka je kanta ko ka yi oda a waya da lambar tebur. Kuma ko da hakan, sitek mai araha ya fara gagararsu. Mashayar Wetherspoon, mai rassa wajen 800, da ta shahara da sitek ɗin ranar Talata, a watan Mayun 2025 ta cire sitek daga jerin abincinta gaba ɗaya. In kamfanin da ke sayen nama tirela-tirela ya kasa, ka san na fam 15 ɗin da ya rage a wasu wurare an matse shi ta wani gefe.

Kuɗin hidima kuwa, kashi 12.5 ɗin nan, in an rubuta na ganin dama ne kana iya cewa a cire. Ni ba na cirewa sai an yi mini wulaƙanci, don tun Oktoban 2024 doka ta ce duka na ma'aikata ne, mai gida ba shi da ko kwabo a ciki.

Nura Mai Kicin, Landan:
Allah ya saka da alheri, Anti. Kada ku cire, da shi muke biyan haya.

Baban Hanifa, Leeds:
Duk bayanin nan na ji, amma ciki ba ya karanta rasit. Ni in na shigo Landan Green Lanes nake nufa wurin Turkawa. A kan gawayi a gabanka ake gasawa, rago da kaza da haƙarƙari, burodi mai zafi da salak kyauta, shayi a ƙarshe. Kusan rabin kuɗin Abba, kuma sai an ƙunsa maka saura.

Sadik, Landan:
Kawu, ba kowane fita ba ne don a cika ciki. Akwai ranar da mutum yake so ya sa kaya masu kyau, a kira shi da sunansa a ƙofa, matarsa ta ji an darajata. Wannan ma abin saye ne. Mu da muke aiki dare da rana a ƙasar nan, sau ɗaya a shekara ba almubazzaranci ba ne.

Maman Ilham, Birmingham:
Sadik, faɗi gaskiya, don matar ne ko don Instagram?

Sadik, Landan:
Anti, duka biyun. Amma ban kai masu zuwa gidan sitek na Nusr-Et ba.

Nura Mai Kicin, Landan:
Wannan kam wani fanni ne. Da ya buɗe a Knightsbridge a 2021 rasit-rasit suka yi ta yawo, yanka ɗaya sama da fam 600, ga wanda ake naɗewa da zinare ya fi haka. Zinare ba shi da ɗanɗano ko kaɗan, yadda ya shiga haka yake fita. Daga fam 15 zuwa 40 nama kake saye, kuma bambancin na gaske ne. Daga nan zuwa sama rabi nama rabi unguwa. In an haura ɗari kuma kallo kake saye.

Ku kula da kalmar wagyu ma, wato naman shanu 'yan asalin Japan, yanzu kowane gidan boga ya rubuta ta. Na Japan na gaske mai daraja A5 kitsen ya kusa rinjayar tsoka, giram 100 ya ishe ka, ka ƙara ya gundure ka. Kobe kuma sai shanun Tajima da aka yi kiwo a lardin Hyogo. Mafi yawan wanda ake kawo mana a gidajen halal na Ostireliya ne, da yawa kuma haɗin jini ne da Angus. Nama ne mai kyau, amma ka tambayi daga ina kafin ka biya kuɗin Japan.

Hajiya Turai, Landan:
Yarana, na karanta duka. Mu da muka zo da marigayi Alhaji tun shekarun 1980, Berni Inn ne gidan sitek ɗin ma'aikaci, kusan kowane gari akwai, yanzu ko sunan ba a ji. Mu kifi muke ci, don naman halal sai an yi tattaki zuwa Whitechapel, a sayo na wata guda a cusa a firiza. Ku yanzu har kuna zaɓen kwana nawa nama ya yi, ku gode wa Allah.

Abin da zan ce shi ne ku duba wa za ku kai. Miji da mata su je su kashe kuɗinsu, ba ruwan kowa. Amma wani yaronmu ya kai surukinsa da ya zo daga Katsina irin wannan gidan, don ya girmama shi. Aka dire wa dattijo yanka ɗaya a kan katako da wuƙa. Ya duba, ya ci, ya yi shiru yana jiran a kawo abincin. Da suka koma gida sai da 'yarsa ta tuƙa masa tuwo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Fam ɗari biyu ta tafi, kuma har ya koma gida yana cewa yaron nan hannunsa a matse yake. Mu a wurinmu karamci a ga abinci ya yi saura ne. Mashaya kuma ko da wasa kada ku kai babba, ko da shayi kawai za a sha.

Sadik, Landan:
Mama, wannan labarin na san mai shi.

Hajiya Turai, Landan:
To ka riƙe a cikinka.

Maman Ilham, Birmingham:
Ni dai mafitata kasko ne. Da kuɗin mutum ɗaya a can nake ciyar da gidana duka sitek.

Garba Barunje, Coventry:
Matsalar mahautan halal na nan, yawancinsu don miya suke yanka. Kafin ka ce wani abu ya ɗora a inji ya yi maka gutsi-gutsi da ƙashi. Kuma naman jiya-jiya ne, bai kwanta ba. Je wurin Baturke ka ce antrikot, wato ribay, ka nuna masa kauri da yatsunka biyu, ka tsaya a kansa har ya yanka. In kuɗi ya yi ƙasa akwai wani nama a allon kafaɗa, jijiya ɗaya ce ta raba shi biyu, in aka zare ta laushinsa ya kusa na tantaƙwashi. Shi ne masu gidan sitek na Flat Iron suka fara sayarwa fam 10 a 2012 mutane suna layi. Mu a kwata da can a tsire yake ƙarewa.

Nura Mai Kicin, Landan:
Ga yadda za ku yi. Fito da shi daga firij ya sha iska, ka goge shi da takarda ya bushe sarai, don jiƙaƙƙen nama dahuwa yake ba gasuwa ba. Gishiri da yawa, fiye da yadda hannunka yake so. Kaskon ƙarfe mai kauri, a bar shi a wuta har ya fara hayaƙi, mai kaɗan. Ɗora, ka cire hannunka, kada ka danna, kada ka motsa. Minti biyu zuwa uku ka juya, za ka ga ya yi ɓawo. Rage wuta, jefa bota da tafarnuwa da aka ɗan fasa, karkata kaskon ka riƙa ɗibar man da cokali kana zuba masa a kai. Sauke, ka bar shi ya huta minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba duk ruwan a faranti zai ƙare. Ka yanka a gicciye, ba bin tsawon tsoka ba. Buɗe taga tun kafin ka fara, ƙararrawar hayaƙi za ta tara maka maƙwabta. Yaji kuma bayan an sauke, in ka sa tun farko ƙulin ƙonewa zai yi ya yi ɗaci.

Garba Barunje, Coventry:
A nan na rabu da kai, Malam Nura. Yajin da aka barbaɗa daga baya a sama yake zaune, bai shiga nama ba. Mu tun farko muke sawa kuma ba ya ƙonewa, don a tukuba wuta ba a ƙarƙashin nama take ba, a tsakiya take, tsinkaye na kewaye da ita a jingine, ana juyawa ana yayyafa mai. Laifin kaskonka ne, ba na ƙuli ba.

Nura Mai Kicin, Landan:
To Yaya, a bene hawa na shida a Landan ina za a kafa tukuba?

Garba Barunje, Coventry:
Ka zo Coventry da bazara, akwai fili a bayan gida. Ka taho da naka mai kwana 28, in yi nawa, Hajiya ta yi alƙalanci. Abu ɗaya ne zai rage mini, tozo. Shanun ƙasar nan ba su da shi, na yi ta nema.

Dokta Rabi, Nottingham:
'Yan Burazil suna da shi, shanunsu masu tozo ne irin namu, cupim suke ce masa. Shagunansu na kawo shi a daskare.

Malam Habibu, Bradford:
A duba yankan tukuna.

Garba Barunje, Coventry:
Za a duba, Malam. Dokta, in kin san shagon da ke da na halal turo mini ta gefe, ko Landan ne zan sa mota.